Ranar da Dada Ta Ɓata a Birnin Rum

Tun ranar da Yaya Idirisu ya fara zancen zai kai mahaifiyarmu birnin Rum na ce masa ya tafi da ni. Ya ce makarantarmu tana tsakiyar jarrabawa, wa zai duba takardun yara idan Malama Nuriyya ta tafi yawon buɗe ido? Ya ce ai ga matarsa, Anti Hadiyya, ita za ta kula da Dada. Na ce to. Na yi fushi sosai, har na ƙi raka su Kano su hau jirgi, daga baya na huce don kaina, tunda babu wanda ya lura ina fushin.

Yaya injiniya ne, rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana yake haƙawa, kuma Allah ya buɗa masa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Wani kamfani da yake sayen kayan aiki a wurinsu ne ya gayyace shi taro a can, shi kuma ya ga hanya ta samu da zai hutar da tsohuwarsa. Dada ta yi rabin rayuwarta a ruga a gefen Garki kafin mu dawo Dutse, kuma in ba aikin Hajji ba, ba ta taɓa barin ƙasar nan ba. Da farko ta ƙi. Sunan garin ne ya ja ra'ayinta, don ta sha jin malamai suna ambaton Rum a wajen tafsiri, ta ce bari dai ta je ta gani ko har yanzu da mutane a ciki.

Suna sauka Anti Hadiyya ta fara aiko min da hotuna, kamar da gayya. Otal ɗin da suka sauka wai gidan wani basarake ne na zamanin da, aka gyara shi. Ƙasa duk dutse mai sheƙi, rufin ɗaki an zana masa mutane masu fukafukai babu mai ko ɗan kamfai a cikinsu, abin da ya sa Dada ta daina ɗaga kai sama gaba ɗaya. A bakin ƙofa akwai wani dogon Bature da doguwar riga mai maɓallan zinariya, aikinsa kawai ya rusuna ya buɗe wa mutane ƙofa. A saman bene suke karya kumallo, gari duk yana shimfiɗe a ƙarƙashinsu. An ba su baƙar mota da direba, da wata mata mai yi musu bayanin tarihi, Anti tana fassarawa.

Kullum da yamma Dada takan kira ni ta ba ni nata rahoton. An kai ta wani ƙaton gini mai zagaye da rabinsa ya zube, aka ce ya fi shekara dubu.

"Auta, mutanen nan ga arziki, amma sun kasa gyara shi," in ji ta. "Har layi ake yi a shiga kango."

An kai ta wani wurin da ruwa yake fitowa daga jikin gumakan dawakai, mutane suna juya baya suna jefa kwabbai a ciki, ta ce Allah ya shirya. Abu ɗaya ne ya burge ta, wani farin cuku mai laushi da aka kawo musu a faranti. Ta ci, ta ƙara, ta tambaya ko za a iya kai ta ta ga saniyar. Kukanta kuma ɗaya ne, sanyi. Ta ce ɗakin nan kamar cikin randa yake. Na gaya wa Anti, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, aka ƙaro barguna, amma dutsen ƙasa dai bai fasa sanyinsa ba.

Ina ofishin malamai da hantsi, na tasa takardun 'yan aji uku a gaba, sai ga kiran Yaya. Ba ya kirana a lokacin aiki.

"Nuriyya, Dada ta kira ki yau?"

"Ta kira ni kuma? Ba tana wurinku ba?"

Na ajiye biro na miƙe tsaye.

Shi ya fita taro tun da safe. Anti ta bar Dada tana gyangyaɗi bayan karin kumallo, ta sauka ƙasa wurin da ake yi wa mata tausa da gyaran jiki. Da ta dawo babu Dada. Wayarta tana jone a caji, jakarta da fasfo suna kan gado, maganinta na ciwon suga yana kan tebur. An duba kyamarar otal, aka gan ta da mayafinta da carbinta ta nufi ƙofa, dogon Baturen nan ya rusuna ya buɗe mata, ta ɗaga masa hannu ta fita.

Na manta da wa nake magana. Na ce tausa? Tausa aka tafi aka bar tsohuwa ita kaɗai a garin da ko "ruwa" ba ta san yadda ake cewa ba? Na ce shi kuma mai maɓallan zinariya, don rusunawa kawai ake biyansa, ba ya tambayar mutum ina za shi? Da na gama, Yaya ya ce an sanar da 'yan sanda, shi ma ga shi a kan titi yana bi lungu lungu da hotonta a waya. Muryarsa ta ba ni tausayi, sai na ji kunyar abin da na faɗa.

Ban san yadda aka yi na isa gidan Dada a Takur ba. Na dai tsinci kaina zaune a gindin dabinon tsakar gida, inda take shimfiɗa tabarmarta. Dada ba ta jin Turanci, balle yaren mutanen can. Ba ta san sunan otal ɗin ba, ni kaina sai na duba nake iya faɗarsa. Ba ta riƙe lambar wayar kowa a ka ba. Kuma na san jikinta: idan azahar ta wuce ba ta sa komai a baki ba, hannunta ya fara rawa ke nan, daga nan sai jiri. Idan ta faɗi a kan titi a can, wa zai san ko ita wace ce?

Kafin wani lokaci gidan ya cika. Maƙwabta suka shigo, Goggo Zinariya ƙanwar mahaifinmu ta taho daga Jahun a motar haya ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Aka aika wa malamin unguwa, aka dama fura aka rabar sadaka. Kowa da shawararsa. Wata ta ce a kira ofishin jakadanci, wata ta ce a yanka zakara, wata kuma ta fara ba da labarin wani mutumin garinsu da ya ɓata a Turai ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai da Goggo ta harare ta ta yi shiru. Na yi ta kiran Yaya har ya roƙe ni in bar masa layin, ko 'yan sanda za su kira. Aka yi azahar. Na yi sallah ban san me na karanta ba.

Ana dab da la'asar Malama Mu'minatu, abokiyar aikina, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, waya a hannu. Ta ce wani saƙon murya ne mijinta ya gani a rukunin tsofaffin ɗaliban makarantarsu, wani ɗan Kafin Hausa da yake karatu a Italiya ne ya turo.

"Ki zauna tukuna," in ji ta. "Ki saurara."

Ta kunna. Muryar wata mata ce, da Hausar mutanen Nijar.

"Salamu alaikum jama'a. Sunana Lauratu, 'yar Maraɗi, ina da shagon kitso kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum. Ga wata dattijuwa nan wurina, mutuniyar Najeriya, ta ɓace ma masaukinta. Lahiya lau take, ta ci abinci, ta yi sallah."

Sai ta faɗi lambarta a hankali. Ni dai daga "ta ci abinci" na sulale a kan tabarma. Wani sanyin daɗi ya ratsa ni tun daga ka har ƙafa, na fara kuka ina dariya. Goggo tana ta alhamdu lillahi. Malama ta ɗaga hannu ta ce saƙon bai ƙare ba.

"Inna, ki yi magana da bakinki, kar mutane su ce damfara ce," matar ta ci gaba. "Wa muke nema?"

Sai muryar Dada, ƙasa ƙasa. "Yaron nan dai. Yayan su Auta."

"Inna, wa ya san Auta a garin ga? Na kira manyan otal, kowa sai shi ce in hwaɗi sunan wanda ya kama ɗaki. Na san da nauyi. Amma in ba suna, ba yadda za mu yi."

Aka yi shiru a cikin wayar, har muna jin ƙarar injin busar da gashi da wucewar motoci. Tsakar gidanmu ma ta yi tsit, don duk wanda yake wurin ya san abin da ake nema daga Dada. Yaya ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Dada kuwa ta riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowa. Yaya ya haura arba'in, kuma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ko yana zaune a gabanta, ni take gaya wa in gaya masa. Hatta yaron maƙwabta mai irin sunansa, Mai Suna take kiransa.

"Idirisu," in ji Dada.

Goggo Zinariya ta rufe bakinta da hannu.

"Idirisu wa, Inna?"

Wannan kuma sunan mahaifinmu ne, wanda ta zauna da shi har ya rasu ba ta taɓa furta shi ba. Na ji ta ja numfashi.

"Idirisu Jaji. Ɗana ne. Shi ne na fari. Ku ce masa kada ya tada hankalinsa, ina nan."

Saƙon ya ƙare a nan. Babu wadda ta kalli wata. Ni ce na fara dawowa hayyacina, na ce Malama ta turo min, na tura wa Yaya, na danna lambar matar. Ta ɗauka, na ce ni ce Autar, ta yi guɗa a can cikin shagonta ta miƙa wa Dada.

"Auta," in ji Dada, kamar a bayan gida ta ɗan zaga. "Kin ci abinci kuwa?"

Ina cikin share hawaye kiran Yaya ya shigo, na katse na ɗauka.

"Rubuto min lambar matar," ya ce.

"Ai tana cikin saƙon, Yaya. A farko ta faɗa."

"Na saurara. Na sake saurara. Ban riƙe lambar ba. Ki rubuto min kawai."

Na rubuta masa. Baƙar motar nan ta kai shi da Anti har ƙofar shagon, Anti ta kira ni ta bidiyo don in gani da idona. Shago ne ɗan ƙarami, gashin kanti rataye ko'ina. Ga Dada a kan kujerar masu kitso, ta miƙe ƙafa, kwanon shinkafa da wake a gefenta an cinye tas, tana nuna wa Lauratu cewa tsagar da take yi wa wata mata ta karkace. Anti ta faɗa jikin Dada tana kuka tana neman gafara. Yaya ya tsaya daga bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe ta. Dada ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen bango.

"'Yar nan," ta ce wa Lauratu, "ki ce masa ya yi miki godiya."

Washegari ta ba ni labarin yadda aka yi, tana mamakin wai har an tara mutane a kanta. Hantsi ta fita sha. Ta leƙa ta taga ta ga rana ta faɗo a jikin bangon da yake kallon otal ɗin, ta ce bari ta je ta ɗan gasa bayanta kamar yadda take yi a gida. Ba ta so ta tashi surukarta daga hutunta, shi kuma wancan, ko yana nan ai ba za ta tambaye shi ba. To gine-ginen can dogaye ne, titunan kuma matsattsu, kafin jikinta ya ɗumama inuwa ta cimma ta. Ta matsa gaba inda ranar ta koma. Inuwa ta sake biyo ta, ta sake matsawa, ta sha kwana. Da ta juyo za ta koma, kowane lungu irin ɗan'uwansa ne, kowace ƙofa da nata Baturen. Ta yi ta tafiya har ƙafarta ta gaji, ta zauna a kan matakalar wani gini tana jan carbi, hannunta ya fara rawa. Sai ga wata baƙar mace ta zo wucewa da ɗaurin ɗankwali irin namu. Dada ta ce, "Sannu 'yar nan." Matar ta yi turus, ta waiwayo ta ce, "Inna, daga ina?"

"Kin ga ai da mutane a garin," in ji Dada.

Sauran kwanakin lafiya lau suka yi su. Masu otal suka sa aka ajiye mata kujera mai laushi a saman bene, daidai inda rana take fara sauka, da bargo da shayi, da wata yarinya mai matsar da kujerar idan inuwa ta zo. Anti ta ƙulle mata katin otal a bakin mayafi, ba ta kuma sake zuwa tausa ba. Yaya ya gayyaci Lauratu cin abincin yamma a saman benen, ta zo da leshinta, Baturen ƙofa ya rusuna mata ita ma. A hoton da aka turo min ita da Dada sun haɗa kai suna ƙus ƙus, an jera musu cokula da wuƙaƙe kala kala, su kuwa da hannu suke ci. Na kalli hoton nan na ji raina fari ƙal, ko ɗigon haushin barina da aka yi babu.

Matsalar da ta rage ita ce saƙon. Kafin su dawo ya zagaye Jigawa. An ji shi a Garki, an ji shi a kasuwar Jahun, har mai kayan miyan bakin titinmu ya tare ni yana tambayar jikin Hajiya. Da suka iso Dutse mutane suka yi ta zuwa barka da sauka, ana yi mata jajen ɓata, babu wanda ya kuskura ya ambaci sauran. Amma Dada ba yarinya ba ce. Ta ga yadda tsofaffin ƙawayenta suke sunkuyar da kai suna murmushi, ta gane. Na lura abin ya fi ɓatan da ta yi damunta.

Da baƙi suka ragu bayan la'asar, muka rage mu uku. Tana zaune a kan tabarma, ina kwance mata kaya daga akwati, Yaya yana daga bakin ƙofa a kan buzu, inda ya saba zama.

"Auta."

"Na'am, Dada."

"Abin nan da matar nan ta ɗauka. An ce yana cikin wayoyi."

"Haka ne. Amma ai lalura ce, kowa ya sani."

"Na mutane ba yadda zan yi da shi." Ta gyara zaman mayafinta, idonta a kan tabarma. "Ki ce wa wancan ya goge nasa."

Na juya na kalli Yaya. Yana jinta sarai, tsakaninsu bai wuce tsawon tabarma ba, amma ya jira sai da na maimaita masa. Ya ɗauko wayar daga aljihu, ya daɗe yana kallonta. Ni da na yi niyyar sa baki, sai na ga ba hurumina ba ne. Ya danna, ya sake dannawa, ya juyo min da fuskar wayar na gani.

"Ya goge, Dada."

"To madalla. Allah ya yi albarka."

Ba ta ce ga wanda take sa wa albarkar ba. Ya ce amin, ya yi mata sai da safe, ya tashi. Na bi shi da ledar dabinon da ta ce a kai wa yaransa. Ya shiga mota ya zauna, bai tayar ba, hannunsa a kan sitiyari.

"Naki fa?" ya ce, ba tare da ya kalle ni ba.

"Yana nan."

Ya gyaɗa kai. "Kada ki turo min. Ta ce in goge, na kuma goge."

"To, Yaya."

Ya tada motar, ya ɗan ja baya, sai ya tsaya ya sauke gilashi. Idonsa ya yi ja.

"Nuriyya, in za ki canza waya, ki gaya min tukuna."

Na ce to. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na koma ciki, don Dada tana ta ƙwala min kira in zo in kai wa maƙwabta tsarabarsu.